Ɗan tafkin kifi a bayan gida: abin da kowane lokaci na shekara ke nema a Jos

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Rayfield, a nan Jos. Bara waccan aka gina mini ɗan tafki na siminti a lambun bayan gida, a gindin bishiyar mangwaro, tsawonsa mita 3, faɗinsa mita 2, zurfinsa santimita 60. Na zuba kifin ado irin koi guda 8, da 'yan jajayen nan da ake kira kifin zinariya, sai karfasa da wata ƙawata ta ba ni. Duk ƙarshen wata yaron da ke mana aiki yana kwashe kifin a baho, ya zubar da ruwan, ya goge bango da burushi, a cika da ruwan bohol. Duk da haka a Janairu karfasar ta mutu kusan duka, sauran kuma suka daina cin abinci. A Maris ruwan ya zama kore shar, da asuba sai in ga kifin a sama suna haki. Ruwan farko da aka yi a Afrilu, washegari na tsinci koi 3 a mace. Yanzu maigida ya ce sauro kawai nake kiwo, gara a cike ramin. Me ya kamata in riƙa yi a kowane lokaci na shekara?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya mayar da alheri. In na fahimce ki, tambayarki ita ce me ya sa tafkin da ake wankewa duk wata yake ci gaba da kashe kifi, kuma me ya sa kowace mutuwa ta zo da kamanninta. Amsar a taƙaice ita ce matsaloli uku ne daban suka same ki, kowacce da lokacinta: sanyi a hunturu, ƙarancin iska a bazara, gurɓataccen ruwa a farkon damina. Wankin ƙarshen watan nan kuwa bai magance ko ɗaya ba, ƙara musu ƙarfi ma ya yi. Aikina ke nan, gina irin waɗannan tafkuna da kula da su a gidajen Jos da Abuja, kuma labarinki na sha jin irinsa.

Yawancin shawarwarin da ake gani a intanet na mutanen Ingila da Amurka ne, waɗanda ruwansu ke daskarewa a sanyi. Namu lissafin daban yake. Jos ma daban take da sauran Arewa: garin yana kan tudu, sama da mita 1,200 daga doron teku, ruwan sama da ke sauka a shekara ya kai kimanin milimita 1,400, kusan dukansa tsakanin Afrilu da Oktoba, sannan dare a Disamba da Janairu yakan sauka zuwa digiri 11 ko ƙasa da haka. Duk abin da zan faɗa a kan wannan yake tafiya.

Wankin da ke kashe tafki

Santsin nan mai ruwan ƙasa da yaronki ke kankarewa daga bango shi ne ran tafkin. Kifi yana fitar da wani sinadari mai guba, amoniya, ta kunnuwan da yake numfashi da su da kuma kashinsa. A cikin santsin akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke juya amoniya ta zama naitirait, wasu kuma su juya naitirait ta zama naitiret, wadda ba ta da illa sosai kuma tsirrai suna shanye ta a matsayin taki. Waɗannan ƙwayoyi suna bukatar mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Ki duba lissafin: suna gab da kafuwa sai burushi ya zo. Ashe tun da aka gina tafkinki bai taɓa girma ba, kullum sabo ne. Abin kamar ƙwaryar nono ne, mai ita ba ta kankare ta da sabulu, don ɗan tsamin da ya saura shi ke kama madarar gobe.

Saboda haka a daina zubar da ruwan gaba ɗaya. Tafkinki yana cin lita 3,600. A mako a cire kashi 10 zuwa 15 cikin 100, wato lita 400 zuwa 500, daga ƙasa inda datti yake kwance. Ga yadda muke yi: a sami tiyo mai kauri, a nutsa shi har ya cika da ruwa, a toshe baki ɗaya da babban yatsa a kai shi wuri mai gangare a saki. Ɗaya bakin a riƙa bin kusurwoyi da shi a hankali, ɗan nesa kaɗan da daɓen. Za ki ga ruwan da ke fita ya fara baƙi ƙirin da guntayen ganye, sai ya koma ruwan toka, sai ya washe. Da ya washe a matsa gaba. Wannan baƙin ruwa kar a zubar a kwata, a kai wa ayaba da kayan miya, taki ne.

Ba ki ambaci filta ba, wato matatar ruwa, don haka na ɗauka babu. Ana haɗa ta a gida: robar durom da ba a taɓa zuba magani ko mai a ciki ba, a cika ta da tsakuwa da soso, ƙaramin inji ya tura ruwa ta ƙasa ya fito ta sama ya koma tafki. Injin da ke tura lita 2,000 zuwa 3,000 a awa ya wadatar. Idan soson ya toshe, a cikin bokitin ruwan tafkin za a matse shi, ba a ruwan famfo ba, ballantana omo ko bilic. Ruwan famfo yana da kulorin, sai ya kwana biyu a buɗaɗɗen mazubi kafin ya shiga tafki. Ruwan bohol ba shi da kulorin amma iska ta yi masa kaɗan, don haka a fesa shi daga sama, kar a nutsa bakin tiyo.

Sai yawan kifi. Ƙa'idar da nake aiki da ita, babban koi ɗaya ga lita 1,000, domin yakan wuce santimita 60 idan ya samu wuri. Guda 8 da kifin zinariya da karfasa a lita 3,600 cunkoso ne tun farko. Biyar ɗin da suka rage ma nan da shekara biyu za su yi wa wurin yawa.

Hunturu

Kifi ba ya ɗumama jikinsa, zafin ruwa shi ne zafinsa. Karfasa kifin ƙasa mai zafi ce: tana jin daɗi tsakanin digiri 25 da 30, tana barin ci idan ruwa ya sauka wajen 16 ko 17, a wajen 11 ko 12 kuwa mutuwa take farawa. Ruwa mai zurfin santimita 60, a inuwar mangwaro, iskar hunturu na kaɗa shi duk dare, ba abin mamaki ba ne ya kusanci wannan iyaka da asubar Janairu. Ko bai kai ba, kwanaki a jere cikin sanyi suna karya garkuwar jikinta har wata cuta ta ƙarasa ta. Ra'ayina, karfasa ba kifin ƙaramin tafkin ado ba ce a Jos. Idan ta tsira daga sanyi ma, da ɗumi ya zo hayayyafa za ta yi ta cika wurin. Koi da kifin zinariya kuwa 'yan gidan kaf ne, kifin ƙasashen sanyi, kuma ba banza ba tun shekarun 1950 aka kawo kaf gonar kifi ta Panyam da ke ƙasar Mangu: yanayin Filato ya karɓe shi.

Daina cin da koi ɗinki suka yi ba ciwo ba ne. Sanyi yana rage musu narkar da abinci. Kuskuren da ake yi shi ne a ga ba su ci ba a ƙara zubawa, abincin ya nutse ya ruɓe, alhali su ma ƙwayoyin da ke cinye amoniya sanyi ya rage musu aiki. Ki sayi ma'aunin zafi na ruwa, ba shi da tsada, ki ɗaure shi da zare ya nutse kamar kamu ɗaya. Shi za ki tambaya, ba kalanda ba. Idan ya nuna sama da 20, sau biyu a rana. Tsakanin 15 da 20, sau ɗaya, da azahar lokacin da ruwa ya ɗan yi ɗumi. Ƙasa da 15, kaɗan bayan kwana biyu ko uku. A kowane hali abin da ba su cinye cikin minti 5 ba a kwashe da koma. Tuwo, burodi da ragowar shinkafa ba su da wuri a nan.

Abin da ya fi sanyin kansa wahalar da kifi shi ne hawa da sauka: rana ta ɗumama ruwa, dare ya sanyaya shi. A nan ne cutar fararen ɗigo ke samun ƙofa, za ki ga kamar an barbaɗa wa kifin gishiri, yana goga jikinsa a bango. Maganin hawa da sauka zurfi ne. Da za a sake gini, da na ce a yi wani sashe ya kai mita 1. Tunda an riga an gina, a kafa 'yan sanduna a shimfiɗa farar leda mai kauri a sama da yamma, ba tare da ta taɓa ruwa ba, a bar gefe ɗaya a buɗe don iska, a yaye da hantsi. Idan akwai abin fesa ruwa sama a kashe shi da dare, don feshi cikin busasshiyar iska sanyaya ruwa yake yi. Filta kam ta ci gaba da aiki.

Hunturu kuma yana shan ruwa. Rabin santimita zuwa santimita 1 a rana ba baƙon abu ba ne, kuma a tafkinki kowace santimita lita 60 ce, fiye da jarkar 'yan garuwa biyu. Mutane da yawa sukan kira ni a wannan lokaci wai tafki yana yoyo. Gwajin mai sauƙi ne: a cika bokiti a ajiye shi a bakin tafkin, a sa alama a bokiti a sa a bango. Bayan kwana biyu idan sun ragu daidai, iska ce. Idan na tafkin ya fi raguwa sosai, a nemi tsaga. Cikon a yi shi da rana, kaɗan-kaɗan. Sai dai ciko ba canji ba ne: ruwa ne kaɗai ke tashi, datti yana nan yana ƙara kauri, don haka ko a sanyi a riƙa cire kashi 10 cikin 100 duk mako biyu.

Ga kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Ƙurar hazo da ke zuwa mana daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, tana ɗauke da sinadarin fosfaras, wanda taki ne. Ki haɗa da tokar ƙunar daji, da busasshen ganye, da furen mangwaro da ke zuba daga Disamba zuwa Fabrairu. Duk suna kwanciya a ƙasan tafki, sanyi ya hana su ruɓewa da sauri, suna jiran zafi. Koren ruwan da kika gani a Maris, a Janairu aka shuka shi. Raga mai ƙananan idanu a saman tafkin tana tare yawancin ganye da fure. Amma don Allah kar a yi amfani da gidan sauro mai magani, irin wanda ake rabawa a asibiti. Maganin da ke jikinsa guba ce mai tsanani ga kifi, raɓa ko yayyafi kaɗan ya isa ya wanke shi cikin ruwa.

Ƙarshen Fabrairu, da sanyi ya fara sakin jiki, shi ne lokacin babbar shara ta shekara. A zuƙe lakar ƙasa a kashi uku cikin mako guda, ba rana ɗaya ba. Idan an taɓo wuri aka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, laka ta daɗe babu iska a cikinta, a bi ta a hankali kar a dama ta cikin ruwa.

Bazara

Hakin asuba magana ce ta iskar oksijin. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe ta kamar mai sanyi: a bakin teku, lita ɗaya tana riƙe kimanin miligiram 9 a digiri 20, amma 7.5 kawai a digiri 30. Tudun Jos kuma yana sake zaftare kusan kashi 13 cikin 100, saboda iska ba ta da nauyi a sama. Kifi yana son sama da miligiram 5, ga shi zafi ya sa yana ci da yawa yana numfashi da yawa. Ratar da ta rage ƙarama ce.

Koren ruwa gansakuka ce mai ƙananan ƙwayoyi da ke yawo a ruwa. Ita kanta ba guba ba ce, ƙananan kifi ma suna amfana da ita. Illarta a dare take. Da rana tana samar da oksijin har ya yi yawa, da dare ta juya tana shaƙa tare da kifi da lakar ƙasa, kafin kiran sallar asuba an cinye. Shi ya sa da hantsi za ki ga kifin sun warware kamar ba abin da ya faru. Manyan kifi ne ke fara mutuwa a irin wannan, ƙananan su saura. Da la'asar kuma tana ɗaga ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, wanda ke hawa idan tsami ya ragu, ya haura 9, kuma duk lokacin da ya hau tare da zafi, gubar amoniya ƙaruwa take yi.

Gansakuka rana take ci da taki, sai a rage mata duka biyun. A rufe kusan rabin fuskar ruwa da tsirrai: bado a cikin tukunya, a rufe ƙasar tukunyar da manyan tsakuwa don koi masu tono ne, da kainuwa kaɗan. Gwaza a tukunya a gefe, saiwarsa cikin ruwa, yana shan taki sosai kuma yana da kyan gani. A rage abinci, a ƙara canjin ruwa zuwa kashi 20 cikin 100 a mako. Magungunan kashe gansakuka ba na son su: idan ta mutu lokaci ɗaya ruɓewarta ke cinye sauran iskar, wasu kuma suna da sinadarin tagulla da ke cutar da kifi a ruwa irin namu.

Inji a bazara da dare aka fi bukatarsa, kuma a nan ne injin sola marar batir yake yaudarar mutane: yana aiki lokacin da ba a bukata, ya tsaya lokacin da ake bukata. Idan kuɗi ba su isa komai ba, a fara da ƙaramin injin hura iska mai batir a ciki, wanda ke ci gaba bayan an ɗauke wuta. Idan filta ta kwana ba ta aiki, ruwan farko da zai fito daga cikinta a zubar a lambu kafin a mayar da bakinta tafki. Ranar da kika tarar da su suna haki, kar a ba su abinci; a riƙa ɗiban ruwa da bokiti ana shekawa daga sama, a canza kashi ɗaya cikin uku.

Masu karatu na Abuja, wannan sashen naku ne fiye da na kowa. Can sanyi ba ya kashe kifi, amma a Maris zafin rana yakan wuce digiri 35, ƙaramin tafki a tsakiyar intalok yakan yi ɗumi kamar an dafa. Karfasa tana jin daɗi, koi ne ke wahala. Inuwa da zurfi da iska da dare, su ne aikin.

Damina

Koi 3 da suka mutu bayan ruwan farko, abin da na fi zargi shi ne abin da ruwan ya kwaso. Wata biyar rufin kwano yana tara ƙura da kashin tsuntsaye da tsatsa, tsakar gida tana tara kumfar wanki da man mota, lambu kuma an zuba masa taki ko an fesa maganin ciyawa ana shirin damina. Ruwan farko duk ya wanko su. Idan indararo yana zuba kusa, ko bakin tafkin daidai yake da ƙasa, ciki za su shiga. Ƙari a kan haka ruwan sama mai sanyi ya faɗa kan ruwa mai ɗumi ya dama lakar ƙasa, a kan kifin da hakin Maris ya riga ya gajiyar.

Gyaran na magini ne, kuma kafin Afrilu ake yinsa. A ɗaga bakin tafkin santimita 10 zuwa 15 sama da ƙasa, a karkatar da indararo, a yi ƙaramar kwata ta zagaye. A sa bututun ambaliya ɗan ƙasa da baki, a ɗaure masa raga, don a Yuli da Agusta Jos takan samu kusan milimita 300 a kowane wata, wato rabin zurfin tafkinki. Mai feshi kuma a gargaɗe shi: kar ya fesa komai kusa da ruwa ko ranar iska, kar ya wanke tankinsa a wurin. Fiya-fiyar da ake fesa wa sauro da yamma ma haka.

Bayan ruwa biyu ko uku, ruwan sama da ke sauka kai tsaye ba shi da laifi, sai abu ɗaya. Ba shi da sinadarai, yana da ɗan tsami, ƙasar Jos kuma dutsen giranait ce wadda ba ta ba ruwa abin da zai tare tsami. A marka, idan aka jera kwanaki ana ruwa, pH yana iya faɗuwa ƙasa da 6 farat ɗaya, kifi su yi lamo, jikinsu ya yi yauƙi, ƙwayoyin filta su tsaya. Sabon siminti yana ɗan karewa, amma da ya tsufa ya rufu da santsi kariyar raguwa take yi. Abin da nake yi: dakakken ɓawon kawa da masu abincin kaji ke sayarwa, kamar mudu ɗaya, a wanke a ɗaure a raga a sa cikin filta. Yana narkewa ne gwargwadon tsamin ruwa, ba ya wuce gona da iri. Kanwa da toka kar a kusance su, suna ɗaga pH da ƙarfi lokaci ɗaya. Takardar gwajin pH tana samuwa wurin masu kayan kiwon kifi, tsakanin 6.5 da 8.5 lafiya lau.

Ranakun lumshi na Agusta tsirrai ba sa samar da iska sosai, don haka inji ya kwana yana aiki, abinci a rage. Idan aka yi ƙanƙara, wadda Jos ta saba da ita, a tsame yagaggen ganyen bado kuma a bar ciyarwa ranar. Abincin kifi a ajiye shi a roba mai murfi, a saya kaɗan-kaɗan. Wanda ya yi fumfuna a zubar. Wayar inji kuma a tabbata ba ta da haɗi a ƙasa, soket yana ƙarƙashin rufi, kuma a kashe wuta kafin kowa ya sa hannu a ruwa.

Damina tana kawo baƙi. Kwaɗi za su zo su yi ƙwai, dogayen igiyoyi masu baƙaƙen ɗigo da ke naɗe a jikin tsirrai. Talibambam kaɗan ba sa komai, amma dubbai suna cin iska, gara a kwashe ƙwan da safe. Inda kwaɗo yake maciji yana biyowa, a yanke ciyawar kewaye a kwashe tarin duwatsu. Idan kika ga koi suna kora juna da sassafe har ruwa na kumfa, ba faɗa ba ne, ƙwai suke zubawa. Washegari a canza kashi 20 cikin 100.

Wani gargaɗi kan tsirrai. Nan Filato kududdufan da haƙar kuza ta bari suna ko'ina, daga Rayfield har Bukuru, kuma yara za su kawo miki bado da kainuwa a araha. Tsiron daji yakan zo da ƙwarin kifi da ƙananan katantanwa, wasunsu su ne ke ɗaukar tsutsar tsargiya. A wanke shi, a tsince katantanwa da ƙwanta, a ajiye a baho daban na mako 3 ana dubawa kafin ya shiga tafki. Sabon kifi ma haka.

Maganar sauro

Maigida yana da hujjar damuwa, amma ina jin ba tafkin ne mai laifi ba. Sauro yana son ruwa tsayayye, kuma daga ƙwai zuwa mai fiffike yakan ɗauki mako 1 zuwa 2. Ruwan da ke motsi, da kifin zinariya masu farauta a ciki, ba ya ba tsutsa wannan dama. Ku zagaya gidan tare: tsohuwar taya, farantin ƙarƙashin tukunyar fure, indararon da ganye ya toshe, durom marar murfi. A tafkin kansa wuri ɗaya ne ke iya ɓoye sauro, cunkoson kainuwa, don akwai irin sauron da tsutsarsa ke maƙale wa saiwarta tana shaƙar iska daga nan, kifi kuma ba sa iya kutsawa. A riƙa rage ta duk mako, a shanya a yi taki, kar a zuba ta a rafi. Gwajin da zai raba gardama: ya ɗebi ruwa daga kusurwoyi da farin kofi ya duba da kansa. Kananzir ko baƙin mai da wasu ke zubawa kifin zai fara kashewa.

Kaka, daga Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, lokaci ne mai sauƙi. Ruwa yana da ɗumi, a ciyar da kifi da kyau su shiga sanyi da ƙarfi. A sassabe rassan mangwaron da suka rufe gabas don hantsin hunturu ya samu ruwan, a raba badon da ya cika tukunya, a ɗaura raga. Idan akwai tsaga yanzu ake liƙe ta, amma sabon siminti yana fitar da sinadari mai ƙona kifi, sai an jiƙa an zubar sau da yawa har pH ya sauka wajen 8 kafin kifi su koma. Idan kuma akwai ƙananan yara ko jikoki a gidan, shinge ko ragar ƙarfe dole ne a kowane lokaci. Santimita 60 ta isa ta cinye yaro mai rarrafe.

Duk wannan daga bayaninki na gina shi, Hajiya, ban ga tafkin ba kuma ban gwada ruwan ba. Mutuwar Afrilu musamman zargi ne mai ƙarfi, ba tabbaci ba; amoniya da ke hawa bayan kowane wanki tana iya yin irin wannan ɓarna, kuma gwajin ruwa ne kaɗai zai bambance. Fararen ɗigo ana iya yi musu magani a gida, a baho daban, da gishiri marar ayodin giram 3 a kowace lita, a zuba shi kashi-kashi cikin kwana biyu, kar a zuba a tafkin don yana kashe bado kuma ba ya fita sai da canjin ruwa. Amma gyambo, kumburin ciki ko kifi da ke juyawa a gefe ɗaya sun fi ƙarfin shawara daga nesa. Wannan aikin likitan dabbobi ne, kuma muna da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa a Vom, kusa da ke. A kai kifin yana da sauran rai, cikin ruwan tafkin, tare da wani ruwan daban a kwalba mai tsabta, don wanda ya kwana a mace ba ya nuna komai.